Gidaje Biyu na Hajiya Saba

Daren jiya wani mafarki ya same ni, irin wanda in ka ba mutane labarinsa sai su tambaye ka abin da ka ci kafin ka kwanta. Ɗanwake na ci, kada wani ya wahalar da kansa.

Sunana Tasi'u. Ni ne mai kula da saba a wani ƙaramin asibiti na garinmu. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke ɗakin baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya, kuma a cikinta rumbun bayanai yake: sunan kowane marar lafiya, da ciwonsa, da ranar da zai dawo ganin likita. Shekara uku da suka wuce, don tsabar iyayi, na raba mata kayanta gida biyu. Takardun tsari, waɗanda ke gaya mata yadda za ta yi aiki, na zuba su a folda ɗaya, wato ma'ajiya ta cikin kwamfutar. Bayanan kansu na kai su wata folda can daban. Na ce ai haka manyan injiniyoyi suke yi. Babu wanda ya tambaye ni.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne, mahaifina Malam Lurwanu, Allah ya jiƙansa, ya rasu wata bakwai da suka wuce a wannan asibitin, ɗaki biyu ne tsakaninsa da sabar. A ranar, sabar ta rikice mini, ina ta fama da ita, aka aiko sau biyu cewa Baba yana kirana. Sau biyu ina cewa, “Minti biyar.” Aike na uku ba na kira ba ne. Na fizge wayar wutar sabar daga bango na ruga a guje, amma na makara. Ban nemi gafararsa ba, kuma har yau abin yana cin raina.

To, a mafarkin sai na gan ni tsaye a wani gari da rana tsaka, ana sheƙa ruwa. Daga ƙasa ruwan yake tashi yana tafiya sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Ni da ban zo da lema ba, wandona ya jiƙe sharkaf, hulata kuwa ko ɗigo.

Na shiga ofishin da ya fi kusa. Wani bunsuru na zaune a bayan tebur, sanye da tabarau da kaftani mai sitaci, yana tauna wata wasiƙa da aka buga wa hatimin gaggawa. A kan teburin an rubuta Darakta.

“Kai ne Tasi'u mai minti biyar?” in ji shi.

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Babanka yana cikin rumbu.”

Bunsurun ya haɗiye ragowar wasiƙar, ya yi gyatsa, sannan ya yi mini bayani cikin muryar wanda ya gaji da yi wa mutane bayani. A garin nan, duk wanda sunansa ke cikin rumbun Hajiya Saba ana iya ganinsa ido da ido, da rai ko babu rai, muddin Hajiya tana farke. Sai dai wata bakwai ke nan tana barci.

“Wutar garin nan daga kogi muke samunta,” ya ce. “Kogin kuma, kamar yadda ka gani da idonka, sama yake komawa. In ya ƙare, wuta ta ƙare. In kana da magana da babanka, ka tashe ta, ka yi maganarka, ka kwantar mana da ita kafin nan.”

Ya ɗauko wata hula mai tsawon tulu ya kifa mini a ka. Ya ce hular manya ce, babu ƙofar da ba ta buɗewa. Na tambaye shi inda Hajiya take kwana. Ya nuna ƙetaren kogi da gemunsa.

A bakin kogi na tarar da jaki. Na hau. Ya waiwayo ya ce in sauka, shi ma sauri yake yi. Muka tsallaka tare a ƙafa, ruwan yana kai mana ƙirji yana wuce mu zuwa sama, kifaye suna bin sa suna yi mana sallama.

Gidan Bayanai wani ƙaton zaure ne mai ƙofofi dubu sittin da biyar da ɗoriya. Wata zabuwa ce ke gadi, da kulki a hammata. Ta dubi hulata ta matsa gefe ba tare da ta so ba. A ciki buhuna ne jibge har rufi, kowanne da suna a jikinsa, a tsakiyarsu kuma ga Hajiya Saba kwance a gadon ƙarfe, dattijuwa mai jiki, tana minshari irin na fankar da ta tsufa.

“Salamu alaikum, Hajiya. A tashi.”

Ta buɗe ido ɗaya. “Ni wace ce?”

“Ke ce Saba.”

“A wace ƙofa zan saurari mutane? Mutum nawa zan karɓa lokaci guda? Da wane harshe zan yi faɗa in raina ya ɓaci?”

Na ce ban riƙe su a ka ba.

“To ban ga takarda ba,” ta ce, ta juya ta ba ni baya.

Zabuwar ta dungure ni da kulki. “A nan take kwana, amma ba a nan ake tashinta ba. Ba ta sanin ko ita wace ce sai an karanta mata. Ka tafi Gidan Tsari.”

“Ina ne Gidan Tsari?”

“Inda ka fito.”

Na koma. Bunsurun yana cin kalanda, ya kai watan Yuli. Na ce masa, ranka ya daɗe, ashe nan ne ake tashinta, me ya hana ka gaya mini? Ya ce inda take kwana na tambaya, shi kuma bai saba amsa tambayar da ba a yi masa ba, haka ya kai matsayin da yake.

Ya ja wani labule. Bangon gaba ɗaya dokoki ne, layi bayan layi, sun fi ɗari bakwai. Kusan kowacce an zana mata ɗan ƙaramin shinge a gabanta.

“Wannan shingen fa?”

“Duk dokar da ka ga shinge a gabanta, an rubuta ta ne don a gan ta, ba don a bi ta ba.”

Na ce masa mu ma a garinmu haka muke yi, sai dai ba ma wahalar zana shingen. Bai yi dariya ba.

Na bi layukan da yatsa har na iso wanda ke faɗin inda Gidan Bayanai yake. Shi ma da shingensa. Na cire shingen na miƙa wa Darakta, ya cinye. Daga nan ya kai ni gaban wani tulu da ke kusurwa, ya ce a cikinsa ake magana da Hajiya. Na sa kaina a bakin tulun na karanto mata ko ita wace ce, da ƙofar da za ta saurari mutane, da inda buhunanta suke, na ƙare da cewa ta tashi.

Muryarta ta fito daga cikin tulun, da danshi-danshi. “Wa ke magana?”

“Tasi'u ne.”

“Me ke kanka?”

“Hular manya.”

“Ba na tashi don mai babbar hula. Manya in sun tashe ni, sai in tarar da kaina a inda ba a aike ni ba. A turo mini ƙaramin ma'aikacin da ya san darajar aikinsa.”

Na cire hular. Bunsurun ya buɗe durowa ya ba ni wata 'yar hula da ta sha wanki har ta manta launinta. Ta zauna mini daidai, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Na sake sa kai a tulu.

“Hajiya, ƙaramin ma'aikaci ne. A tashi.”

“Ai a farke nake.”

“Hajiya, ina jin minsharinki har nan.”

“Takardar da ke manne a gadona ta ce a farke nake, har da lambata a jiki. Ni ba na musu da takarda. In na tashi alhali ina farke, mun zama mu biyu ke nan, kuma gadon ɗaya ne.”

Na dubi bunsurun. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan takardar ba ta ofishinsa ba ce, tana can ƙetare.

Kogin ya dawo iya cinya. Jakin yana nan, har yanzu yana sauri.

“Malam, wai wa ya raba gidajen nan biyu?” ya tambaye ni a tsakiyar ruwa.

“Wani injiniya ne.”

“Allah ya isa,” in ji jakin.

Na ce amin a hankali.

Takardar tana manne a ƙafar gadon da ƙaya. 'Yar ƙarama ce, layi uku. Na farko ya ce, “Ina farke.” Na biyu lamba ce, dubu huɗu da ɗari da ashirin da bakwai. Na uku kwanan wata ne, kuma ba sai na karanta shi sau biyu ba, don ranar da Baba ya rasu ce.

Zabuwar ta leƙo ta ƙarƙashin hannuna. “In an kwantar da ita da mutunci, ita da kanta take cire takardar kafin ta rufe ido. Wannan kuwa wani marar tarbiyya ne ya fizge waya tana tsakiyar magana. In na gan shi sai na fasa masa ƙwauri.”

“Ni ne,” na ce.

Ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ɗaga kulkin, ta tsaya, ta mayar da shi hammata. “Ina za ka da ka yi irin wannan saurin?”

“Wurin babana.”

“Ka same shi?”

“A'a.”

Ta cake ni a ƙwauri da baki sau ɗaya, ta ce wannan na doka ne, ba daga zuciyarta ba. Na yage takardar.

Na sake tsallakawa, na sake sa kai a tulu. A wannan karon sai na ji ƙarar gadon ƙarfe, da doguwar hamma, da ƙasusuwa suna ƙas-ƙas.

“Na tashi,” in ji Hajiya. “Amma kada kowa ya shigo tukuna. An katse ni ina tsakiyar rubuta wa wata mata ranar awo, sai na koma littafina na ga inda na tsaya.”

Ban jira ba. Kogin ya dawo iya gwiwa, jakin ya gaji ya hau bayana, ni ma ban ga abin musu a ciki ba.

Ƙofa ɗaya ce tak a buɗe cikin dubu sittin da biyar ɗin, ta dubu biyar da ɗari huɗu da talatin da biyu, kuma sai da na ƙirga tun daga farko. Da na shiga na tarar duk buhunan sun kwance bakinsu, mutanen ciki sun fito sun zauna a benci: masu goyo, masu tari, wani mai ƙafa a naɗe yana yi wa na kusa da shi bayanin siyasa. Hajiya Saba tana zaune a gado ta ɗaura ɗankwali, tana amsa tambayar mutum ɗari lokaci guda da baki ɗaya. A ƙafar gadon ta manna sabuwar takarda da sabuwar lamba.

Baba yana ƙarshen benci na bakwai. Ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, yana riƙe da katin asibiti, yana ɓare goro da farce.

“Injiniya,” ya ce. Haka yake kirana tun ranar da na ƙona masa dutsen guga ina gyara.

Na durƙusa. Tun daga bakin kogi na shirya abin da zan faɗa, kalma huɗu ne kacal, amma da na buɗe baki sai gaisuwa ta fito.

“Baba, ina wuni?”

“Lafiya lau. Ina gajiya?”

“Babu gajiya. Yaya jikin?”

“Jiki ai an bar shi can. Yaya iyali?”

“Lafiya lau.”

“Yaya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara.”

“Madalla. Yaya aiki?”

Muka zagaya muka dawo kan gajiya, muka sake zagayawa. Ya tambayi wanda ke sa babbar rigarsa mai ruwan toka, na ce Kawu Shitu ne. Ya ce ya sani, tun yana da rai Shitu yake auna ta da ido. Ya tambaya ko an sare darbejiyar ƙofar gida, ko har yanzu ina zuba sukari cokali huɗu a shayi, ko mai naman bakin tasha ya daina sa kitse a ƙasan takarda. Ina ba shi amsa, ina kallon hannuwansa. Na yi kewar hannuwan nan fiye da yadda na sani. Duk lokacin da na tattaro kalmomin nan huɗu, sai in ji kaina ina cewa darbejiya tana nan lafiya.

Sai wani ludayi da ke rataye a bango ya fara ƙara. Zabuwar ta ɗauka ta miƙo mini. Darakta ne.

“Tasi'u, kogi ya dawo iya idon sawu! Na yi ta ihu a cikin tulu ta kwanta, an ce ba a san lambarta a nan ba. Lambar tana can a gadonta. A nan ake tashinta, a can ake kwantar da ita. Na san wanda ya tsara wannan hauka, yana riƙe da ludayi yanzu haka. Ka kwantar da ita!”

“In ban kwantar ba fa, ranka ya daɗe?”

“Wuta ta ɗauke tana farke, ta sume, sunaye su cakuɗe. Masu juna biyu su wayi gari da ciwon gwiwar tsofaffi, tsofaffi a kira su awo!”

Na rataye ludayin. A lokacin na gane cewa duk garin nan, da daraktansa da hularsa ta manya, babu mai iya kwantar da Hajiya sai wanda ke tsaye a gidan da nake tsaye. Na je gabanta.

“Kwanciya iri uku ce,” ta ce, ba ta ko dube ni ba. “Akwai ta mutunci: in rufe ƙofa kada sabo ya shigo, in jira har baƙo na ƙarshe ya yi sallama don kansa. Akwai ta gaggawa: in miƙa wa kowa takalminsa. Akwai kuma irin taka.”

“Ta mutunci,” na ce.

Ba don mutunci na zaɓa ba, gaskiya ɗaya ce. Na san mahaifina. Bai taɓa shiga gidan mutum ya fito kafin a yi salla biyu ba. Yakan miƙe ya ce zai tafi, ya tuna wani labari, ya koma ya zauna. Kuma a wurinmu ba a ce wa baƙo ya tashi, ko da tuwon dare ya ƙare a kansa. Na lissafa cewa muddin Baba yana kan bencin nan, Hajiya ba za ta rufe ido ba, Darakta kuma ya ci tabaraunsa in ya ga dama.

Hajiya ta tafa hannu, ƙofar ta rufu daga waje. Mutane suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Mai goyo ta ce a gaida gida, ta shige buhunta ta ɗaure bakin daga ciki. Mai tari ya yi tari na bankwana. Mai ƙafa a naɗe ya ƙarasa bayanin siyasarsa ga bencin da babu kowa, sannan ya tafi. Zauren ya yi shiru. Saura ni da Baba, da Hajiya tana gyangyaɗi tana farkawa.

Fitilun suka lumshe suka dawo. Ludayin ya yi ta ƙara har ya faɗo daga ƙusa, yana birgima a ƙasa muryar bunsuru tana fita daga cikinsa.

“Hajiya, ki kore shi!”

“Ni ba na korar baƙo,” in ji ta. “An ce in jira, ina jira.”

Na matsa kusa da Baba. Na tambaye shi labarin shekarar da ya je Ikko a bayan motar shanu, wanda na ji ya fi sau hamsin. Ya fara, ya kai inda taya ta fashe a Jebba, sai fitilun suka sake lumshewa, wannan karon suka daɗe kafin su dawo. Ya katse labarin. Ya dubi buhunan da ke jibge har rufi, ya dubi Hajiya da idanunta suka yi ja, sannan ya dube ni.

“Injiniya, saboda ni ka hana baiwar Allah nan barci?”

Ya nuna buhunan da katinsa.

“Mutum dubu nawa ne a buhunan nan?”

“Sha ɗaya da wani abu.”

“Kai dai ba ka canza ba. In ka riƙe abu ɗaya, sai duniya ta jira ka.” Ya jawo takalmansa ya zura. Bai tuna wani labari ba, bai koma ya zauna ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya tashi a yunƙuri ɗaya ba sai a mafarkin nan. “Taso ka raka ni.”

Muka nufi ƙofa. Yana tafiya yadda ya saba, hannu ɗaya a baya, yana jan ƙafar hagu kaɗan. Tsakanin benci na bakwai da ƙofar bai fi taku talatin ba, na kuma ɓata ashirin ina neman ta inda zan fara.

“Baba.”

“Na'am. Minti biyar ɗin ne suka cika?”

Ya yi dariya, irin wadda kafaɗunsa ke yi kafin bakinsa. Ni kuwa sai hawaye, kuma da yake garin haka yake, sama suka riƙa tafiya suna jiƙa mini hula.

“Baba, ka yafe mini.”

Ya tsaya. “Ka san abin da na kira ka ka yi mini ranar? Tashar rediyona ce ta gudu, ina so ka nemo mini ita. Wannan kira na farko ke nan. Na biyu kuwa, so nake in gan ka, ba wani abu ba.” Ya dafa kafaɗata, hannun da nauyinsa kamar yadda na san shi. “Na yafe. Tun kafin ɗan aiken ya dawo na yafe. Ni na ce ka yi karatun nan, ai ba zan yi fushi don ya riƙe ka ba.”

Na sunkuyar da kai ina cewa na gode, na gode.

“Dakata, ban gama ba. Akwai wanda ban yafe ba.”

Na ɗago.

“Duk ranar Laraba sai an tashe ni ganin likita. Ina kwance abina lafiya lau, sai a ce ƙarfe tara, kada in makara. Duk waɗanda muka tafi tare sun huta, ni kaɗai ne mamacin da ke bin layi a asibiti. Har tsokanata ake yi, wai yaya jiki. Wata bakwai, Injiniya. Ba kai ne mai kula da sunayen ba?”

“Ni ne.”

“To?”

“Na kasa cire sunanka, Baba. Sau da yawa ina buɗewa, in ga an rubuta za ka dawo Laraba, sai in rufe.”

“Wa ya ce ka cire? Sunana ne, a bar mini abina. Ka rubuta abin da ya faru kawai. Ai layi ɗaya ne.”

Zabuwar ta buɗe masa ƙofa, har da rusunawa. A waje ƙasa ta bushe ƙayau, ɗigon ruwa na ƙarshe yana hawa sama a hankali. Na ɗaga ƙafa zan bi shi, ya tare ni da katin asibitin da ke hannunsa.

“Nan ne iyakar rakiya. Koma ka ga kwanciyarta.”

Ya fita. A bayana na ji Hajiya Saba ta yi hamma, ta ce alhamdu lillahi, ta cire takardar lambarta da hannunta ta ninke ta sa ƙarƙashin matashi. Fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da gaggawa ba. A cikin duhun zabuwar ta matso kusa da kunnena ta buɗe baki, amma ba kukan zabi ta yi ba. Cewa ta yi tit-tit, tit-tit.

Na buɗe ido. Gari ya waye, hasken rana ya shigo ta taga. Ƙarar daga durowar gefen gado take fitowa, inda nake ajiye tsohuwar wayar Baba mai madannai, wadda nake yi wa caji duk mako ba tare da na gaya wa kowa dalili ba. Na ɗauko ta. Saƙo ne daga asibitinmu, irin wanda sabar ke turawa da kanta, da kalmomin da ni na rubuta mata shekara uku da suka wuce:

“Malam Lurwanu, yau Laraba kana da ganin likita da ƙarfe tara. Don Allah kada ka makara.”

Matata Barira ta leƙo daga tsakar gida, da ludayin koko a hannu.

“Abban Nusaiba, wayar Baba ce kuma?”

“Ita ce.”

“Yau ma haka za ka bar shi?”

Na zauna a bakin gado ina laluben takalmina da ƙafa.

“A'a,” na ce. “Yau zan sallame shi.”